Daga Jurong zuwa Mandai: yadda ake yi wa dubban tsuntsaye ƙaura

A ranar 3 ga Janairun 2023 aka rufe gandun tsuntsaye na Jurong da ke ƙasar Singafo, ranar da ya cika shekara 52 cif da buɗewa, sannan a ranar 8 ga Mayun wannan shekarar aka fara karɓar baƙi a sabon gandun da aka gina a yankin Mandai, wanda aka raɗa wa suna Bird Paradise. Sabon wurin ya buɗe da tsuntsaye kimanin 3,500 masu nau'i wajen 400, kuma akasarinsu daga Jurong aka kwaso su. Singafo ƙaramin tsibiri ne, tafiya daga yammacinsa zuwa arewacinsa ba ta kai awa guda a mota ba, don haka wanda ya ji labarin a taƙaice zai ɗauka cewa aikin bai wuce na loda akwatuna da sauke su ba. Na daɗe ina bibiyar harkar kula da tsuntsayen da ke tsare, kuma abin da wannan ƙaura ta ƙara tabbatar mini shi ne, zaman da tsuntsu yake yi a cikin mota shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Wahalar tana cikin watannin da suka gabaci ranar tashi, da kuma waɗanda suka biyo bayan ranar sauka.

Gandun Jurong ya samo asali ne daga tunanin Goh Keng Swee, ministan kuɗin Singafo na wancan zamani, wanda ya ga wani katafaren keji da tsuntsaye ke shawagi a cikinsa a birnin Rio de Janeiro, ya dawo gida ya kawo shawarar a gina irinsa a Jurong, unguwar da ake cika ta da masana'antu, domin jama'a su sami wurin shan iska. An buɗe shi a 1971 a kan fili mai faɗin hekta 20 da 'yan kai, kuma ya yi suna da wani keji mai ɗauke da magangarar ruwa ta ginin ɗan Adam mai tsawon mita 30. A 2016 aka sanar da cewa za a mayar da shi Mandai, inda gidan namun dajin Singafo yake tun 1973 da kuma Night Safari, gidan namun dajin da ake ziyarta da dare, tun 1994, ta yadda duk za su haɗu a wuri guda. Aikin ginin ya yi jinkiri, annobar korona kuma ta ƙara masa. Abin lura a nan shi ne, a cikin rabin ƙarni bishiyoyin Jurong sun girma sun yi inuwa, kuma tsuntsaye da yawa a nan aka ƙyanƙyashe su, a nan iyayensu ma suka tashi, ba su taɓa sanin wani reshe ko wani kwanon abinci ba sai na wurin.

Matsala ta farko ita ce kamu. Jikin tsuntsu ba a halicce shi don a riƙe shi a hannu ba. Ba shi da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki wanda mu muke numfashi da taimakonsa. Ƙashin ƙirjinsa ne yake ɗagawa yana sauka, yana tura iska cikin jakunkunan da ke warwatse a jikinsa, su kuma su bi da ita ta huhu. Saboda haka idan mutum ya danne ƙirjin ƙaramin tsuntsu da yatsa, ko da da kyakkyawar niyya ce, zai iya toshe masa numfashi cikin ƙanƙanin lokaci. Zafin jikinsa a kullum yana kai digiri 40 ko ya ɗara, ba ya kuma yin gumi, don haka kokawar 'yan mintoci a rana mai zafi ta isa ta galabaitar da shi. Masu dogayen ƙafafu, irin su gauraka da filamingo da jimina, suna da wani haɗarin na daban: idan aka kore su da gudu, ko aka naɗe musu ƙafafu na tsawon lokaci, tsokarsu takan lalace, abin da ya fita daga tsokar ya bi jini ya cutar da ƙoda, sai a ga tsuntsun da aka saki lafiya lau ya kasa tsayuwa bayan kwana biyu ko uku. Likitocin dabbobi sun san wannan ciwo sarai, kuma sun san cewa hana shi faruwa ya fi maganinsa sauƙi nesa ba kusa ba.

Wannan ne ya sa gidajen namun daji na zamani suka karkata ga koya wa tsuntsu ya shiga akwati da ƙafarsa. Hanyar ba ta da wani sirri, haƙuri kawai take ci. Mai kula da tsuntsun zai kawo akwatin da za a yi tafiyar da shi ya ajiye a gefen keji, ƙofarsa a buɗe, ba tare da ya nemi komai ba. Kwanakin farko tsuntsun zai kauce wa wannan kusurwa gaba ɗaya, yana leƙen akwatin da ido ɗaya daga can saman reshe. Idan ya saba da ganinsa, sai a matso da kwanon abinci kusa da bakin ƙofa, bayan wasu kwanaki a sa shi a kan dokin ƙofar, daga nan a tura shi ciki kaɗan, yadda sai tsuntsun ya miƙa wuya zai kai gare shi. Akwai matakin da ya fi kowanne ɗaukar lokaci, wato lokacin da tsuntsun zai sa ƙafa ɗaya ciki ya bar ɗaya a waje, ya cafki ɗan 'ya'yan itace ya ja da baya da sauri. Mai kula da shi ba zai motsa ba, ba zai kalle shi kai tsaye ba, domin yawancin tsuntsaye suna ɗaukar ido biyu da suka tsaya a kansu a matsayin na mafarauci. Ranar da ya shiga gaba ɗaya ma ba a rufe ƙofa. Sai an taɓa ta sau da yawa yana ciki, an tura ta rabi an buɗe, an rufe ta na daƙiƙa biyu an ba shi abin da ya fi so, kafin a kai ga ɗaga akwatin daga ƙasa. Kuskure guda, kamar ƙofa ta kufce ta buga da ƙarfi, yana iya mayar da aikin makonni baya. Aku yakan fahimci abin da wuri, amma shi ne kuma ya fi riƙe abu a rai idan aka yaudare shi sau ɗaya.

Ba kowane tsuntsu ne ake iya yi wa wannan horo shi kaɗai ba. A cikin manyan kejin da ɗaruruwan tsuntsaye ke shawagi tsakanin bishiyoyi, dabarar ita ce a mayar da wurin cin abincin kowa cikin wani ƙaramin ɗakin raga mai ƙofar da ake ja daga nesa, a daina zuba abinci a sauran wurare sannu a hankali, har shiga ɗakin ya zama al'ada. Masu ƙarfin hali da masu haɗama su ne suke fara shiga hannu. Waɗanda suke ba da wahala su ne na ƙarshe, masu tsoro da wayo, waɗanda suka ga abin da ya sami 'yan'uwansu suka gwammace su nemi ƙwari da 'ya'yan itatuwan cikin kejin. A irin wannan kwashe-kwashe ne kuma lissafin takarda yake haɗuwa da gaskiya, domin a kejin da ya shekara da shekaru cike da ganye ba abin mamaki ba ne a tarar da tsuntsun da ba shi da zobe a ƙafa, wanda aka ƙyanƙyashe a wani lungu ba tare da kowa ya sani ba.

Tunda kama tsuntsu abu ne da ba a son maimaitawa, ranar da ya shiga hannu ake yi masa duk abin da ake bukata. A ɗora shi a sikeli, a shafa ƙirjinsa a ji ko tsoka ta cika ko ƙashi ya fito, a duba tafin ƙafa da baki da idanu, a ɗebi jini idan da hali, a aika kashinsa ɗakin gwaji don neman tsutsar ciki, sannan a tabbatar da lambar zobensa ko ta 'yar na'urar da aka saka masa a jiki ta yi daidai da abin da ke rubuce. Gidajen namun daji da dama a duniya suna ajiye irin waɗannan bayanai a manhajar ZIMS ta ƙungiyar Species360, inda ake ganin asalin kowace dabba da tarihin lafiyarta. Amfanin wannan bincike bai tsaya ga tsuntsun da ke hannu ba, domin sabon wuri fili ne mai tsabta, kuma ba a son a kai masa cutar da ta daɗe tana laɓe a ƙasar tsohon keji.

Akwatin tafiya ma kowane nau'i da irin nasa. Duhu yana kwantar wa yawancin tsuntsaye hankali, don haka akan rufe ramukan shan iska da ƙyalle mara kauri wanda iska ke ratsawa amma haske ba ya shiga sosai. Kurciyoyi da dangin makwarwa idan suka firgita sama suke zabura, shi ya sa ake manna soso a rufin akwatinsu don kada su fasa kai. Aku yana bukatar akwatin da bakinsa ba zai iya ɓarkewa ba. Masu dogon wutsiya suna bukatar tsawo, masu dogayen ƙafafu suna bukatar tsayi da kuma shimfiɗar da ba ta santsi, domin ƙafar filamingo idan ta zame ta buɗe, da wuya ta koma daidai. Akwatin da ya yi faɗi da yawa shi ma haɗari ne, saboda yana ba tsuntsu sararin buɗe fuka-fuki ya yi ta bugun bango har ya ji wa kansa rauni. Ƙananan akun da ake kira lori, waɗanda ruwan zaƙin fure ne abincinsu, ba sa jure dogon zama babu ci, don haka lokacin da za su yi a rufe dole a ƙididdige shi tun kafin a kama su.

Fengwin kuwa, tsuntsayen teku masu son sanyi da ba sa tashi sama, lamarinsu ya sha bamban da na kowa a ƙasar da ke kusa da tsakiyar duniya, inda zafi da laima ba sa yankewa. A Jurong a cikin ɗakin sanyi suke rayuwa, a Mandai ma ɗakin sanyi aka tanadar musu, kuma a motar da ake sarrafa sanyinta aka ɗauke su, domin tazarar da ke tsakanin ƙofar gini da ƙofar mota ita kanta abin tsoro ce. Cututtuka biyu ne suka fi addabar fengwin da ke tsare: zazzaɓin tsuntsaye da sauro ke yaɗawa, da kuma ciwon huhu da funfunar da ake kira Aspergillus ke haddasawa. Ƙwayoyin wannan funfuna suna cikin iska kusan ko'ina, tsuntsu mai lafiya yana shaƙarsu ba tare da wata illa ba, amma da zarar firgici da gajiya sun raunana garkuwar jikinsa sai su sami gindin zama a jakunkunan iskarsa. Akwai kuma lokacin sake gashi, wanda fengwin ke zubar da gashinsa duka a cikin makonni kaɗan, ba ya shiga ruwa, ba ya cin abincin kirki; tsuntsun da ke cikin wannan hali ba a taɓa shi sai ya gama.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin masu tsara jadawali a ofis suka fi saurin mantawa, wato cewa tsuntsaye suna da nasu jadawalin. Jurong ya shahara da tarin cilakowan kudu maso gabashin Asiya, kuma macen cilakowa idan za ta yi ƙwai takan shiga kogon bishiya ta liƙe ƙofarsa da laka da kashi da ragowar abinci, ta bar 'yar tsaga wadda namiji zai riƙa miƙo mata abinci ta ciki har tsawon watanni. Ma'auratan da suka shiga wannan hali ba su da ranar tashi sai 'ya'yansu sun fito, ko me takardar kwangila ta ce. Haka nan tsuntsayen da suka yi shekaru tare a matsayin mata da miji ba a raba su a tafiya fiye da yadda ya zama dole, kuma filamingo, da ba sa sakin jiki su hayayyafa sai a cikin garke, gara a kwashe su rukuni-rukuni masu yawa da a riƙa kai su ɗai-ɗai. Sanin wane ne abokin wane, wane ne ke tsangwamar wane, da wane ne tsoho mai ciwon gaɓoɓi da ba zai iya sauka a siririn reshe ba, duk yana kan ma'aikatan da suka yi shekaru suna share kejin da asuba. Waɗannan mutane ne suka san tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, irin sanin da ya sa a 2018 aka gano ciwon daji a ƙoƙon saman bakin wani babban cilakowa mai suna Jary, likitoci suka yanke wurin suka sanya masa na roba da aka zana a kwamfuta daidai kansa.

Idan mota ta isa, ba a buɗe akwati a tsakiyar sabon fili a ce wa tsuntsu ga sarari nan. Bird Paradise yana kan hekta 17, yana da manyan kejin raga guda takwas da baƙi ke shiga su yi yawo a ciki, kuma mafi girmansu, wanda aka keɓe wa tsuntsayen Afirka, ya haura hekta ɗaya da rabi. Tsuntsun da ya tashi a keji mai faɗin 'yan mitoci bai san iyakar irin wannan wuri ba, bai san cewa siririyar ragar da ke can nesa bango ce ba, kuma tsokar fuka-fukansa ba ta saba da dogon tashi ba. Idan aka sake shi kai tsaye, zai iya zabura ya bugi raga da ƙarfi, ko ya haye can ƙololuwa ya ƙi saukowa cin abinci har yunwa ta kayar da shi. Shi ya sa ake fara ajiye shi a wani ƙaramin keji da ke cikin babban, inda zai kwana yana jin sautukan wurin, yana ganin maƙwabtansa ta raga, yana cin abinci a irin kwanon da ya saba da shi daga hannun wanda ya saba da shi. Bayan kwanaki sai a buɗe ƙofar a bar ta a buɗe, abinci kuma ya ci gaba da zuwa nan ciki, ta yadda ko ya fita yawo ya san inda zai dawo. Jerin sakin ma da hikima ake yin sa: masu sanyin hali ake fara saki su kama wuri, masu faɗa su zo daga baya, domin idan aka yi akasin haka na farko za su mallake kowane kwano da kowane reshe mai kyau.

A nan nake da ɗan saɓani da masu ɗaukar cewa girman keji shi kaɗai alheri ne. Ba na musun cewa tsuntsun da ke tashi mai nisa, yana wanka a ruwan sama, yana zaɓar inda zai kwana, ya fi wanda ke zaune a kan sanda guda jin daɗin rayuwa. Sai dai tsuntsu halitta ce mai ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci, kuma sau da yawa kafin a ga ya kumbura gashi ya lumshe ido, ciwon ya riga ya yi nisa. A ƙaramin keji mai kula da shi yana ganin kashinsa kowace safiya, yana ganin abin da ya rage a kwano. A fili mai hekta guda cike da bishiyoyi, tsuntsu na iya yin kwana uku bai ci ba kafin a lura. Saboda haka duk faɗin da aka ƙara wa tsuntsu, dole a biya shi da ƙarin idanu da ƙarin horo, kamar koya masa amsa kira zuwa wurin ci a lokaci sananne, da sauka a kan sandar da ke ɗaure da sikeli don a san nauyinsa ba tare da an kama shi ba. Gandun da ya kashe kuɗi a kan raga da magangarar ruwa amma ya tsuke hannu wajen ma'aikata, baƙi za su yaba masa, tsuntsayensa kuma su ɗanɗana kuɗarsu a ɓoye.

Don haka ban cika gamsuwa da sanarwar da ake yi washegarin ƙaura cewa kowa ya iso lafiya ba. Isowa da rai ita ce mafi sauƙin jarrabawa. Abin da ya kamata a duba shi ne nauyin tsuntsaye bayan wata uku, da adadin waɗanda suka mutu a shekarar farko idan aka kwatanta da shekarun baya, da kuma ko ma'auratan da suka saba yin sheƙa sun sake yi. Kwatancen yana da muhimmanci, domin a tarin tsuntsaye dubbai mutuwa ba ta yankewa ko da ba a motsa kowa ba, kuma ba adalci ba ne a jingina wa ƙaura kowace asara. A watan Satumban 2023 Geothermica, namijin gaggafar Filifin da aka kawo Singafo aro a 2019 tare da macen da ake kira Sambisig, ya mutu sakamakon ciwon huhu. Su ne ma'aurata na farko na wannan nau'i da ƙasar Filifin ta ba da aro zuwa waje don kiwo, kuma nau'in yana gab da ƙarewa a duniya. Irin wannan rashi yana nuna nauyin da ke kan gandun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'insa suna fuskantar barazanar ɓacewa a daji.

Akwai kuma waɗanda ba a tambaye su ba, wato namun dajin da ke zaune a Mandai tun kafin a zo da injinan gini. Wurin yana maƙwabtaka da gandun dajin Central Catchment, mafi girman dajin da ya rage wa Singafo, kuma masu fafutukar kare muhalli, ciki har da ƙungiyar Nature Society ta ƙasar, sun nuna damuwa tun da aka bayyana shirin. A 2018, lokacin da aiki ke gudana, an sami rahotannin namun daji da motoci suka kashe a titunan yankin, har da dankunya da barewar daji. A watan Disambar 2019 aka buɗe wata gada mai tsawon mita 140 da aka shuka wa bishiyoyi, domin dabbobi su riƙa tsallake titin Mandai Lake ta sama. Ina ganin damuwar tasu tana da tushe, kuma gadar ba ta share ta gaba ɗaya ba, saboda ajiye ɗaruruwan baƙin nau'o'i a bakin daji yana buɗe ƙofa biyu: tsuntsun da ya tsere zai iya samun wurin zama ya yi gogayya da na gida, cuta kuma za ta iya ratsa raga ta kowane ɓangare, musamman a shekarun nan da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta bazu a nahiyoyi da dama. Abin da ke tsare waɗannan ƙofofi aiki ne na kullum da baƙo ba ya gani: ƙofa biyu a kowace mashiga yadda ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufe, ma'aikacin da ke zagaya raga yana neman inda reshe ya faɗo ya huda ta bayan guguwa, tarkon ɓera da maciji a gindin shinge, da ɗakin keɓewa inda duk sabon tsuntsu zai yi makonni kafin a haɗa shi da sauran.